Yadda Akwatin Rarraba Saƙo Ke Sanin Masu Rabo

Ya kai mai karatu, ka san hanyoyi uku na isar da magana a Tabotaki. Akan aiki ɗan saƙo wurin mutum ɗaya. Akan sa mai shela ya kewaye gari, mai so da marar so duk su ji. Akan kuma kira ƴan ƙungiya kaɗai, kamar taron asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maradi a 1991. Kwamfutoci ma da waɗannan hanyoyi uku suke aiki. Ta ukun ce za mu bayyana maka.

A ofis ko makaranta, a Buza ko Madawa, inda aka haɗa kwamfutoci da yawa, za ka ga wani ɗan akwati mai ƙofofi 8 ko 24. Wayar kowace kwamfuta tana shiga ƙofa guda. Masu gyara suna kiransa suwic. Aikinsa rarraba saƙo.

Ga inda matsalar take. A ce kwamfuta 20 ne a ɗaki, 3 kaɗai ke son kallon darasin bidiyo. Idan akwatin bai san masu so ba, sai ya zama mai shela, ya tura bidiyon ta kowace ƙofa. Sauran 17 sun sha kayan da ba su nema ba. Hanya ta cushe, aikin kowa ya yi nauyi.

Maganin wannan wata ƙa'ida ce mai suna IGMP. Steve Deering na Jami'ar Stanford a Amurka ya rubuta ta a 1986, aka sake gyara ta a 1989 da 1997 da 2002. Tana tafiya kamar rajistar ajin yaƙi da jahilci:

1. Shiga. Kwamfutar da ke son darasi takan aika cewa a sa ta cikin ƙungiya.
2. Kiran suna. Wata na'ura, wadda take kamar malamin aji, takan tambaya duk bayan daƙiƙa 125 ko akwai mai so har yanzu.
3. Fita. Wadda ta gama takan yi sallama. Idan kuma aka yi shiru kimanin daƙiƙa 260, sai a soke sunan.

Akwati mai kyau yana kasa kunne ga wannan tambaya da amsa, ya riƙe ƙofofin da suka amsa. Ta nan kaɗai zai tura bidiyon.

Amma ka lura, idan babu mai kiran suna, ba wanda zai amsa, sai akwatin ya ɗauka kowa ya tashi. Alamar haka ita ce hoto ya fara lafiya, bayan minti huɗu ko biyar ya ɗauke.

Saboda haka, idan ƙungiyarku za ta sayi wannan akwati, kada ku biya sai kun yi wa mai haɗawa tambayoyi uku. Shin an rubuta IGMP snooping a jikin kwalin? Shin an kunna shi? Wace na'ura ce mai kiran suna? Ku rubuta amsoshin a littafin ƙungiya, da kwanan wata, don ranar da za a nemi mai gyara.