Wa Ke Tarɓar Baƙo A Ƙofar Majami'a?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin namu na musamman zai leƙa majami'un Birnin Kebbi da Argungu ne, mu ga yadda ake karɓar wanda ya shigo ba a san shi ba.

Birnin Kebbi fadar Sarkin Gwandu ce, Argungu kuwa gidan Kabawa, magadan Kanta, kuma galibin mutanen garuruwan biyu Musulmi ne. Kiristocin da ke cikinsu akasari zuwa suka yi. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ma'aikata suka yi ta tahowa daga ƙasar Zuru da Yawuri: Dakarkari, Dukkawa, Kambari, Fakkawa. Ga 'yan kasuwa Ibo da Yarabawa, ga ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da na Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga 'yan bautar ƙasa da ake turowa kowace shekara. A Argungu ma, masana'antar shinkafa ta WACOT da aka buɗe a 2017 ta jawo nata mutanen. Ke nan da wuya ka sami mai zama a kan benci ranar Lahadi wanda shi ko mahaifinsa bai taɓa kwanan baƙunci a garin ba.

Sai mutum ya zaci wanda ya ɗanɗana baƙunci ba zai bar wani a tsaye ba. Ina! Baƙo 'yan garinsu yake fara nema, kafin ka ankara majami'a ta koma taron 'yan gida ɗaya.

Abin da ya fi riƙe jama'ar nan wuri guda shi ne Hausa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da ita Badakkare da Bakambare suke waƙa tare, kowa da harshen da ya baro a gida. Sai dai inda aka raba sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa, akan wayi gari manyan ma'aikata suna wannan, masu gadi da 'yan ƙwadago suna waccan. Ba wanda ya rubuta hakan a allo, amma kowa ya san lokacinsa. A ganina, a nan ne dattawan ikkilisiya ya kamata su fi sa ido, domin Wasiƙar Yaƙub ta yi kashedi ƙarara kan ba mai kuɗi wurin zama mai kyau a bar talaka a tsaye.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Akwai kuma wani baƙon da ba a cika maganarsa ba: Bahaushe Kirista. Da harshen uwarsa ake wa'azi, amma in ya shigo da babbar riga da hula, sai idanu su bi shi. Tun bayan harin bam na Madalla a ranar Kirsimeti ta 2011, majami'u da dama a Arewa suka sa masu bincike a ƙofa. Tsaro dole ne, ba mai musun wannan. Amma fuskar farko da baƙo zai gani ita ce ta mai binciken, don haka gaisuwarsa ma aikin ikkilisiya ce.

Tarihin yankin nan yana da abin tunawa. A ƙarshen shekarun 1930, mishan ɗin SIM, wanda daga gare shi ikkilisiyar ECWA ta fito, ya karɓi kula da masu cutar kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato. Mutanen da ko danginsu ba sa haɗa ƙwarya da su, su ne aka fara shimfiɗa wa tabarma. To, yau su wa ke wannan matsayi? Gurgun da matakala ta hana shi shiga. Kurman da ya zauna har aka tashi, babu mai yi masa bayani da hannu. Matar da 'yan bindiga suka koro daga Danko-Wasagu, ta iso da 'ya'ya ba ko zanen canji, tana jin kunyar lokacin baiko.

Ita wannan matar, sau da yawa ba fasto ne ke fara gano ta ba. 'Yan Zumuntar Mata ne. Su ke tambayar inda ta sauka, su haɗa mata tsabar shinkafa, su raka ta asibiti, su sa 'ya'yanta a makarantar Lahadi. Ba sa hawa bagade su yi jawabi a kan haka, kuma ba kasafai ake sa su cikin kwamitin da ke kasafta kuɗin taimako ba, alhali su suka san gidan kowa.

Masu sauraro, nan za mu dasa aya.

(Kiɗan rufe shiri)