Cinikin Sabuwar Mota a Amurka da Hanyoyin Ribar Dila

A Amurka, galibi sabuwar mota ba ta fitowa daga masana'anta ta shiga hannun mai ita kai tsaye. Kamfanoni irin su Ford da General Motors da Toyota suna sayar da motocinsu ne ga diloli masu zaman kansu, su kuma dilolin su sayar wa jama'a. Irin waɗannan diloli sun haura 16,000 a faɗin ƙasar, kuma dokokin jihohi suna ba su kariya, domin jihohi da dama sun haramta wa mai ƙera mota ya buɗe shagonsa ya yi gogayya da dilolinsa. Kamfanin Tesla, wanda ya zaɓi sayarwa da kansa a kan farashi ɗaya ba tayi, sai da ya sha fafatawa da waɗannan dokoki a jihohi kamar Texas da Michigan. Ga mafi yawan sauran kamfanoni kuwa, ciniki na nan daram, kuma ribar dila ba ta tsaya ga kuɗin motar kaɗai ba.

Kowace sabuwar mota tana ɗauke da takarda manne a gilashinta. Wata dokar tarayya ta 1958, wadda Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma ya jagoranta, ita ta wajabta hakan. Takardar tana nuna farashin da kamfani ya ba da shawarar a sayar da motar, da kuɗin kayan da aka ƙara mata a masana'anta, da kuɗin jigilarta zuwa shagon dila. Wannan farashi shawara ce kawai. Dila na da ikon sayarwa ƙasa da shi ko sama da shi.

Ƙasa da wannan akwai farashin sari, wato abin da kamfani ya rubuta wa dila a takardar sayen motar. Tun da intanet ta yaɗu, masu saye suna iya gano wannan adadi kafin su bar gida, shi ya sa wani dilan yakan ciro takardar da kansa ya shimfiɗa a tebur, ya ce ko sisi bai ci ba. Sai dai takardar ba ta faɗi duka labarin ba. Kamfanoni da yawa sukan ware kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na kuɗin motar su mayar wa dila bayan ya sayar da ita. A motar dala 35,000, kashi 2 kaɗai dala 700 ce. Akwai kuma rangwamen da kamfani ke ba dila a ɓoye don ya rabu da samfurin da ya ƙi tafiya, da tukuicin da ake ba shi idan ya cika adadin motocin da aka yanka masa a wata ko a wata uku. Saboda haka dila na iya sallama mota a farashin sari kuma ya kwana da riba.

Lokaci ma yana cikin lissafin. Motocin da ke jere a harabar dila galibi da bashi ya saro su, kuma kuɗin ruwa na hawa a kan kowace mota kullum har ta bar wurin. Motar da ta yi wata uku tana shan rana ta fara cin ribar kanta. Wannan ne dalilin da ya sa tayi ya fi karɓuwa a ƙarshen wata, lokacin da mota ɗaya ko biyu ke iya cika wa dila adadinsa, da kuma ƙarshen shekara, lokacin da sababbin samfura ke isowa suna neman wurin ajiya. Idan mota ta yi ƙaranci kuwa, abin sai ya juye. A 2021 da 2022, da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya rage yawan motocin da ake ƙerawa, diloli da yawa sun ɗora dubban daloli a kan farashin gilashi, kuma aka saya.

Hanyar riba ta biyu ita ce tsohuwar motar mai saye. Mutane da yawa sukan zo da motar da suke hawa, dila ya yi mata kuɗi, a cire daga farashin sabuwar. Dila yakan karɓe ta a farashin sari, ya gyara ya wanke, ya sayar a farashin kasuwa, kuma sau da yawa abin da yake samu a kanta ya fi na sabuwar. Wadda ba ta dace da harabarsa ba sai ya tura ta gwanjo, kuma daga irin waɗannan wuraren gwanjo ne wasu motocin ke bin jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano, su ƙare a kasuwannin motoci na Kano ko Kaduna. Musayar na da nata amfani, domin a yawancin jihohi harajin saye yana hawa ne a kan cikon da aka yi kawai. Haɗarinta shi ne dila na iya ƙara wa tsohuwar daraja don ya faranta wa mai ita rai, sannan ya hana ragi a kan sabuwar.

Hanya ta uku, wadda masu saye suka fi sakaci da ita, tana wani ƙaramin ofis da ake shigar da mutum bayan an gama ciniki an yi musabaha. Nan ake shirya bashi. Yawancin masu sayen sabuwar mota a Amurka da bashi suke saye, kuma dila ne yakan nemo musu shi daga banki. Banki na iya amincewa da ruwa kashi 6 cikin ɗari, dila ya faɗa wa mai saye kashi 8, ya ci rabonsa daga bambancin. A bashin dala 30,000 na wata 60, biyan wata a kashi 6 kusan dala 580 ne, a kashi 8 kuma kusan dala 608. Tazarar dala 28 ba ta ɗaga hankali, amma kafin bashin ya ƙare ta kai kusan dala 1,700, wanda zai iya shafe duk ragin da aka sha wahalar samowa. Wannan ƙari ya taɓa jawo hukunci: a Disamba 2013 hukumomin tarayya suka sa kamfanin bashi na Ally ya biya dala miliyan 98, bisa zargin cewa baƙar fata da wasu tsirarun al'ummomi sun biya ruwa fiye da fararen fata masu matsayin kuɗi iri ɗaya.

A wannan ofis ɗin dai ake tallata ƙarin garanti na bayan na kamfani, da inshorar cike giɓin bashi idan mota ta lalace gaba ɗaya, da maganin kare fenti da kujeru, da yarjejeniyar juyen mai. Wasu na da amfani ga wasu mutane, amma ribar da ke kansu babba ce, kuma dukkansu ana iya tayawa ko a ƙi su. Ana kuma saka kuɗin cike takardu, wanda wasu jihohi irin su Kalifoniya suka ƙayyade shi ƙasa da dala 100, wasu kuma suka bar shi a buɗe har ya kai ɗaruruwan daloli.

Hanya ta huɗu ita ce garejin dila. Sashen gyara da sayar da kayan gyara ba ya kawo kaso mai yawa na kuɗin shiga, amma yana cikin manyan wuraren da riba take. Gyaran da ake yi ƙarƙashin garanti ma kamfani ne ke biyan dila. Don haka dila na iya haƙura da ƙaramar riba ranar saye, da fatan mai motar zai riƙa dawowa shekara da shekaru.

Salon cinikin kansa an gina shi ne a kan haɗa waɗannan abubuwa wuri guda. Akwai wata tsohuwar dabara da ma'aikacin sayarwa ke raba takarda gida huɗu: kuɗin mota, kuɗin tsohuwar mota, kuɗin da za a ajiye a fara, da biyan wata. Sai ya tambayi mai saye nawa zai iya biya kowane wata. Da ya ji adadi, sai ya tashi ya ce zai je ya roƙi manaja, ya bar mutum zaune na tsawon mintuna, ya dawo da sababbin lambobi. An rage gida ɗaya, an ƙara a wani. Biyan wata shi ne mafi sauƙin sarrafawa, domin tsawaita bashi kaɗai ya isa ya sauko da shi. Wancan bashin dala 30,000 a kashi 8, idan aka miƙa shi zuwa wata 84, biyan wata zai sauko kusan dala 468, amma jimlar ruwan za ta tashi daga kusan dala 6,500 zuwa kusan 9,300. Ma'aikacin kuwa mafi yawan abin da yake samu kamasho ne, wanda galibi ake lissafawa a kan ribar cinikin.

Maganin wannan shi ne a warware abin da dila ya haɗa, a yi cinikin kowanne shi kaɗai. Mai saye da ya shirya yakan fara da bankinsa, ya karɓo amincewar bashi da adadin ruwa a rubuce, ta yadda dila ba zai samu shiga ba sai ya kawo wanda ya fi shi sauƙi. Yakan kai tsohuwar motarsa wuri biyu ko uku a yi mata kuɗi. Sannan ya aika wa diloli da dama saƙo iri ɗaya, yana neman jimlar kuɗin da zai biya ya fita da motar, har da haraji da rajista da kuɗin takardu. Wannan jimla ita ce kaɗai ake iya kwatantawa tsakanin shago da shago. Tayi yakan fara ne daga farashin sari a hau sama, maimakon a faro daga farashin gilashi a sauko. Maganar musaya da ta bashi kuma sai bayan an tsayar da kuɗin motar. Babban ƙarfin mai saye shi ne ya iya miƙewa ya tafi, tunda mota iri ɗaya tana nan a wani shagon.

Mataki na ƙarshe shi ne karanta yarjejeniya. Dokar tarayya ta 1968 kan gaskiya a harkar bashi ta tilasta a rubuta adadin ruwa na shekara, da jimlar ruwan, da jimlar abin da za a biya, kafin a sa hannu. Waɗannan lambobi ne ya kamata a gwada da abin da aka yi alkawari da baki, a kuma cire duk wani ƙari da ba a nema ba. Dokar tarayyar da ke ba mutum kwana uku ya fasa wasu nau'o'in ciniki ba ta shafi motar da aka saya a shagon dila ba, don haka a mafi yawan jihohi, da zarar an sa hannu an karɓi makulli, ciniki ya faɗa.