3.4 Auna Motsin Majiyyaci da Gyara Hoto a Na'urar MRI

Na'urar MRI, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki ta hanyar maganaɗisu, ba ta ɗaukar hoto nan take kamar kyamara. Tana tattara bayanai ne layi-layi na tsawon mintoci, sannan kwamfuta ta harhaɗa su su zama hoto. Saboda haka, idan majiyyaci ya motsa kafin a kammala, layukan ba za su dace da juna ba. Sai hoton ya fito dishi-dishi, ko inuwar wata gaɓa ta bayyana inda ba muhallinta ba, har ta rufe ƙaramin ƙari. Wannan ne ke sa a maimaita ɗauka, ko a ba yara maganin barci.

Ba a iya gyara motsi sai an auna shi. Da yake ƙoƙon kai ba ya lanƙwasa, alƙaluma 6 sun isa su bayyana motsinsa: 3 na gusawa, 3 na juyawa. Fitattun hanyoyin aunawa su ne:

1. Siginar jagora: A 1989 Ehman da Felmlee na asibitin Mayo a Amurka suka nuna yadda ake cusa gajerar sigina tsakanin layuka domin gano inda gaɓa take.
2. PROPELLER: A 1999 James Pipe ya fito da tattara bayanai a faifai-faifai masu juyawa kamar farfela. Kowane yana ratsa tsakiya, don haka ana kwatanta su a gano motsi.
3. Kyamara: A 2006 Zaitsev da abokan aikinsa a Jamus suka yi amfani da kyamara mai bin alamar da ke haɗe da kan majiyyaci.

Shi kuwa gyara iri biyu ne. Ko dai na'ura ta riƙa sauya saitinta tana bin kai yayin ɗauka, ko kwamfuta ta daidaita bayanan bayan an gama.

Sai dai zuciya da hanta suna sauya siffa, don haka alƙaluma 6 ba su wadatar da su. A nan akan nemi majiyyaci ya riƙe numfashi, ko a daidaita ɗauka da bugun zuciya. A taƙaice, ingancin gyara ya ta'allaƙa ne ga ingancin awo.