Damina mai ruwa da yawa ma tana da nata ciwo

In aka ce canjin yanayi, fari makiyayi yake tunawa, irin na 1984 ko na 2010. Amma ambaliya ma tana cin garke. Cikin daminar 2016, zazzaɓin Rift ya ɓulla a Cintabaraden, jahar Tawa, ya kama dabbobi da mutane. Sauro ke yaɗa shi, kuma duk inda ruwa ya kwanta nan yake hayayyafa.

Alamar farko ita ce tumaki da awaki su riƙa ɓari a jere, ƴaƴansu na mutuwa. In kun ga haka, kada ku taɓa ɓarin sai da leda a hannu, kada ku yanka dabba marar lafiya, ku tafasa madara kafin sha. Ku sanar da ma'aikacin kiwo a ranar.