Abubuwan da ya kamata ka sani game da alaƙar ciwon dasashi, amosanin gaɓoɓi da ƙiba

Mutum ya yi aswaki da asuba, ya tofar da yawu ya ga ja-ja, sai ya ce ƙarfin goga ne. Lafiyayyen dasashi ba ya jini haka kawai. Likitoci kuma sun daɗe da lura cewa masu amosanin gaɓoɓi na rumatoyid sun fi sauran mutane fama da ciwon dasashi mai tsanani.

Wane amosani ake nufi?

Wannan daban yake da ciwon gwiwar tsufa. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓoɓin mai ita, musamman yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare. Mace ta tashi da safe yatsunta sun sanƙare, ta fi rabin awa ba ta iya ɗaura zani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi miliyan 18 a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata.

Me ya haɗa baki da yatsu?

Wata ƙwayar cuta da ke zama a ƙarƙashin dasashi, Porphyromonas gingivalis, tana sauya kamannin wasu furotin na jiki. Ana zaton garkuwa kan ɗauke su baƙi, ta haɗa makaman yaƙarsu, kuma irin waɗannan makamai ake samu a jinin mafi yawan masu rumatoyid, wani lokaci shekaru kafin gaɓa ta fara kumbura. A 2016 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka suka nuna wata ƙwayar bakin ma tana jawo irin wannan sauyi. Shan taba na rura cututtukan biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne, hannun da ya sanƙare ba ya riƙe buroshi da kyau. Datti ya taru, dasashi ya ƙara lalacewa, kuma da wuya a tambayi mara lafiyar yadda take goge baki.

Ina ƙiba ta shigo?

Mun saba ɗaukar teɓa alamar hutu. Amma kitse na fitar da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6, waɗanda su ne wasu magungunan rumatoyid na zamani ke toshewa. Masu ƙiba sun fi kamuwa da ciwon dasashi, kuma maganin amosanin bai cika kama su sosai ba.

Me za a yi?

Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna cewa kankare dattin ƙarƙashin dasashi a asibiti na ɗan sassauta ciwon gaɓoɓi, amma ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Wanda yatsunsa suka yi tauri ya naɗa tsumma a mariƙin buroshi ya yi kauri, ya goge baki sau biyu a rana. In jinin dasashi bai tsaya ba, ya ga likitan haƙori.