Kyankyason da ya ratsa fuskar talabijin: me ya raba kan masu kallo?

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Wanda ke cin abinci ya ɗan ture kwanon tukuna, domin yau hirar kyankyasai za mu yi.

Akwai wani fim mai dogon zango na Amurka, The X-Files, da tashar Fox ta fara nunawa a 1993. Jami'an FBI ne guda biyu suke binciken abubuwan da suka gagari hankali. Mulder, namijin, ya yarda da halittun wata duniya. Scully, macen, likita ce, ba ta karɓar zance sai da hujja. A zango na uku, ranar 5 ga Janairu 1996, aka nuna wani kashi mai suna War of the Coprophages, wato yaƙin masu cin kashi. Darin Morgan ne ya rubuta, Kim Manners ya ba da umarni. Har yau masoyan fim ɗin ba su gama musu a kansa ba.

Labarin a taƙaice: a wani ƙaramin gari, Miller's Grove, mutane suna ta mutuwa, kuma duk gawar da aka tarar sai a ga kyankyasai sun rufe ta. Mulder yana garin, Scully tana gida tana harkokinta. Duk lokacin da ya buga mata waya hankali a tashe, sai ta warware masa a tsaye. Na farko, mai feshin maganin ƙwari, jikinsa ne ba ya jituwa da kyankyaso, numfashinsa ya toshe. Na biyu yaro ne ɗan shaye-shaye, ya ga kamar ƙwari suna shiga fatarsa, ya yi ta yankar kansa. Wannan lalura ce ta gaske, likitoci suna kiranta ciwon Ekbom. Na uku kuwa jijiya ce ta fashe masa a ƙwaƙwalwa yana yunƙuri a banɗaki. Kyankyasan dai sun zo wucewa ne aka ɗora musu laifi.

To, ina aka rabu?

Masu son wannan kashin, kuma su ne suka fi yawa, suna sa shi cikin mafi ban dariya a fim ɗin gaba ɗaya. Abin da suka fi ambata shi ne wata dabara ta 'yan daƙiƙu. Ana tsakiyar magana, sai ga kyankyaso ya ratsa hoton da gudu, kamar a kan gilashin talabijin ɗinka yake tafiya. Ka tuna lokacin akwatin talabijin ne mai ƙaton baya, ana kallo da dare, fitila a kashe. Mutum sai ya zabura ya nemi takalmi kafin ya gane wasa aka yi da hankalinsa. Ni a ganina nan ne gwanintar take. An ɗauki rabin awa kana dariyar mutanen garin da suka firgita a banza, sai aka nuna maka kai ma ɗaya ne daga cikinsu.

Akwai kuma waɗanda ba sa iya kallonsa sam. Su ba ruwansu da barkwancin, ƙyanƙyami ne ya hana su. Kyankyasai na gaske aka yi amfani da su, ɗaruruwa. Kuma a nan ya kamata mu bambanta tsoro da ƙyama. Dodo ko fatalwa kana kashe talabijin ka san ka rabu da su. Kyankyaso kuwa yana bayan kabad ɗin kicin ɗinku yana jiran a ɗauke wuta. Tsikar jikin da ke tashi idan an nuno shi yana hawa ƙafar mutum, dariya ba ta kwantar da ita.

Ƙorafi na uku ya fi ba ni sha'awa. Wasu sun ce an mayar da jaruman abin wasa. Mulder ya haɗu da wata masaniyar ƙwari, Dakta Bambi Berenbaum, ya rikice a kanta, ita kuma Scully ta dinga nanata sunan Bambi da wata irin murya mai kama da kishi. Masu wannan ra'ayi suna ganin an rage wa Scully daraja. Ni kam ban ga haka ba, domin daga farko har ƙarshe ita ce mai hankalin labarin. Af, sunan Berenbaum ma an aro shi ne daga May Berenbaum, masaniyar ƙwari ta gaske a Jami'ar Illinois. Abin mamakin kuma, shi kansa Darin Morgan ya nuna bai gamsu da yadda aikin ya fito ba.

Sunan garin ma da manufa. An juya Grover's Mill ne, garin da aka ce halittun duniyar Mas sun sauka a wasan rediyon da Orson Welles ya gabatar a 1938, wanda wasu masu saurare suka ɗauka labarai ne na gaskiya. Kun ga ashe jita-jita ake yi wa shaguɓe. Akwai wurin da mutane suka cika kanti suna kokawa a kan gwangwanin maganin ƙwari, alewar cakulan ta zube a ƙasa, wani ya ɗauka kyankyasai ne, kowa ya ranta a na kare. Scully ta tsaya ta ɗauki alewar ta jefa a baki. Wanda ya tuna watan Agustan 2014, daren da aka dinga tashin mutane a waya a Najeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha saboda Ibola, ya san wannan kantin. Wasu sai asibiti aka kwashe su saboda gishirin.

Don ku ga ba ƙwari kaɗai ke sa kashi ya karɓu ba, ku dubi Bugs na fim ɗin Supernatural, 2005. Kim Manners ɗin dai shi ya ba da umarni. Amma masu kallo suna lissafa shi cikin mafi rauni a fim ɗin, musamman ƙarshensa, inda ƙwari suka yi wa gida ƙawanya da tsakar dare, kafin ka ce kwabo gari ya waye. Har marubutan sun dawo daga baya suna yi wa kansu ba'a a kai. Bambancin a wurina shi ne Bugs ya ɗaure fuska yana so ka ji tsoro, na X-Files kuwa ya san abin dariya ne babba da gemunsa ya haye kujera saboda ƙwaro.

Sai dai fa bai bar Scully ta ci gari duka ba. Mulder ya kama wani kyankyaso, ya murƙushe a hannunsa, sai ga shi jikin ƙarfe ne. Wani masanin mutum-mutumi, Dakta Ivanov, ya duba abin ya rasa ta cewa. Kafin a tabbatar da komai, masana'antar da ke haɗa iskar gas daga kashin dabbobi ta yi bindiga, jami'an biyu suka fito kashi tun daga kai har ƙafa, hujja ta bi iska.

Wanda ya kalla ya faɗa mana ɓangaren da yake. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.