Littafi a Bakin Makaɗi: Ma'aunan Mai Sauraro

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun saba kasa adabin Hausa gida biyu, na baka da rubutacce, amma kuma sanin kowa ne gidajen nan biyu katangarsu gajera ce. Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne ta bayyana yadda mai sauraro yakan karɓi waƙar gargajiya idan makaɗi ya ɗauko jigonta daga wani fitaccen ƙagaggen labari. Za a fara da wani misali daga Amurka, domin can ne aka yi faifai sukutum a kan wannan tsari har aka ga yadda jama'a suka ɗauke shi, sa'an nan a dawo gida a auna namu.

2.0 Misali daga Amurka

A shekarar 1939 John Steinbeck ya fitar da littafinsa The Grapes of Wrath, labarin iyalin Joad, manoman Okalahoma waɗanda fari da guguwar ƙura da bashin banki suka raba da gonarsu, suka nufi Kaliforniya neman ƙwadago. Littafin ya tada ƙura, har hukumar gundumar Kern ta hana ajiye shi a makarantu da ɗakunan karatunta a wannan shekara. A 1940 aka mai da shi fim, kuma a shekarar ce mawaƙi Woody Guthrie, wanda shi kansa ɗan Okalahoma ne, ya yi faifansa Dust Bowl Ballads. A ciki akwai waƙar "Tom Joad" mai baiti 17, wadda ta bi labarin daga fari har ƙarshe, a bisa karin wata tsohuwar waƙa da jama'a suka riga suka sani. Faifan bai yi kasuwa sosai ba a lokacin, sai da aka sake fitar da shi a 1964 ya sami sababbin masu sauraro.

Bayan shekara 55, watau a 1995, Bruce Springsteen ya fitar da The Ghost of Tom Joad. Shi bai maimaita labarin ba. Sunan tauraron ya ara, ya ɗora shi a kan talakawan zamaninsa: marasa matsuguni, da ma'aikatan masana'antar ƙarfe da aka sallama, da baƙin haure 'yan Meziko. Masu sauraro sun rabu. Waɗanda suka saba jin sa da kiɗa mai amo sun koka cewa waƙoƙin sun yi sanyi, karinsu kusan ɗaya ne, kuma faifan bai wuce na 11 ba a jerin waɗanda aka fi saye a Amurka. Shi kansa mawaƙin yakan roƙi 'yan kallo su yi tsit a wurin wasa, abin da ba su saba ba. Duk da haka faifan ya ci kyautar Grammy a 1997.

3.0 Tafarkin da Namu Labaran Suka Bi

A ƙasar Hausa hanyar da aka fi bi daga baki ce zuwa takarda. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Imam ya ari sunan littafinsa daga tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda ita kanta tana ɗauke da waƙa a cikinta, ya kuma amfana da salon Muƙamat na Hariri. Ganɗoki kuwa cike yake da kirari da ƙamshin waƙoƙin maza.

Komawar waɗannan labarai zuwa kunne ta bi ta dandamali da majigi da rediyo. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, aka nuna shi a bikin Festac na 1977 a Legas, kuma bayan an gyara shi an sake nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a 2018. A yau kuma ana karanta littattafan Hausa da murya ana sa su a intanet, mutane suna saurare ta waya. Ashe ke nan akwai ɗimbin Hausawa da suka san Malam Zurƙe da Alhaji Imam da ka, ba tare da sun taɓa buɗe littafin ba.

4.0 Ma'aunai Uku

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ma'aunai uku da mai sauraro yake ɗora irin wannan waƙa a kai.

Na farko shi ne amana ga littafi. Wanda ya karanta yakan bi waƙar yana ƙirga abin da aka bari. Amma waƙa ba ta da faɗin zube. Dole makaɗi ya zaɓi gaɓa ɗaya ya mai da ita amshi. Alal misali, wanda zai waƙe Shaihu Umar zai fi samun abin kamawa a uwar da ta bi sawun ɗanta har ta faɗa bauta, ta kai Tarabulus, fiye da jerin zangon da ayari ya yada a hamada.

Na biyu shi ne sabo da muryar makaɗi da harshensa. Wannan ya fi ƙarfi a yammacin ƙasar Hausa. Mutumin Dogon Daji ko Tambuwal ko Kebbe ya tashi da jin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, waɗanda suke waƙa da karin harshen da yake magana da shi, inda ake cewa "anka yi" da "munka zo", alhali littattafan 1934 da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su. Idan makaɗin yankin ya rera labarin da Sakkwatanci, labarin ya zama ɗan gida ga manomi, ko da malamin makaranta zai ji kamar an sauya wa littafin riga.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne gaskiyar wanda ake waƙewa. Makaɗan baka na Hausa a kan rayayyen mutum suke gina waƙa, sarki ko manomi ko ɗan dambe. Masu sauraron waƙar Shago ta Ɗan Anace sun san Shago mutum ne, sun san karonsa da Ɗandunawa, saboda haka suna iya gaskata makaɗi ko su ƙaryata shi. Tauraron littafi ba shi da garin da za a je a tambaya, ba shi kuma da kyautar da zai bayar. Abin da zai tsaya masa shaida shi ne kamanninsa da halin da mai sauraro yake ciki. Guthrie ya sami wannan shaida domin 'yan ƙaurar da yake waƙewa suna raye a lokacin. Springsteen kuwa sai da ya nemo wa Tom Joad magada a zamaninsa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa mai karatu da littafi yake auna waƙa, mai sauraro na yau da kullum kuwa da kunnensa da rayuwarsa. Saboda haka manazarcin da ya tsaya ga kwatanta baiti da shafi ya ɗauki ma'auni ɗaya ne cikin uku. Ya kamata malaman adabi, musamman masu koyarwa a yankunan da karin harshensu ya bambanta da na littafi, su riƙa sa ɗalibai su saurari labarin da murya, su kuma tambayi waɗanda suka san shi da ka wace gaɓa ce ta zauna musu. Amsar da za su samu ita ce za ta nuna wane ɓangare na littattafan nan ne ya shiga rumbun adabin baka, wane ne kuma har yanzu yake cikin aji.